Jami'a Biyu Sun Ba Ka Gurbi: A Fara Duba Sashe Kafin Suna

Da zarar manyan jami'o'in gwamnati biyu sun ba ɗalibi ɗaya gurbin karatu, murna ba ta daɗewa sai gardama ta tashi, kuma kusan kullum a kan suna ake yin ta. Wannan ya ce waccan ta fi tsufa, wancan ya ce wannan ce ke gaba a jadawalin jami'o'in duniya, wani kuma ya kawo labarin ɗan wane da ya gama can ya samu aiki nan take. A ganina suna shi ya kamata ya zo ƙarshe a wannan lissafi. Abin da za a sa a gaba shi ne, a cikin biyun wacce ce ta fi yiwuwa ta fitar da wannan ɗalibi da digirin da yake so, a lokacin da ya kamata, ba tare da kuɗi sun yanke masa a tsakiyar hanya ba.

Dalilina girman jami'o'in ne. Jami'ar Texas A&M a Amurka tana da ɗalibai sama da 70,000. Jami'ar Alƙahira ta haura 200,000, babbar jami'ar ƙasar Meziko kuwa ta wuce 300,000. A wuri irin wannan rayuwar ɗalibi ba ta wuce sashe ɗaya, da malamai ashirin ko talatin, da ɗakunan lakca kaɗan, da ofishi ɗaya da ke riƙe da sakamakonsa. Sashen injiniya na iya zama abin alfahari alhali sashen kimiyyar magunguna da ke bayansa yana fama da rashin malamai, kuma duk tambari ɗaya ke kan takardunsu. Wanda ya kwatanta jami'a da jami'a bai fara aikin ba tukuna. Sashe ake kwatantawa da sashe.

Abu na farko, a sake karanta takardun gurbin biyu a tsanake, don sau da yawa ba abu ɗaya suka bayar ba. Wata jami'ar kwas ɗin da ka nema ta ba ka kai tsaye. Wata kuwa ƙofar shiga harabarta kawai ta buɗe maka, kwas ɗin sai ka sake yin takara a kansa bayan shekara ɗaya ko biyu. A Texas A&M sabon ɗalibin injiniya yana shiga ne a matsayin ɗan injiniya na bai-ɗaya, daga baya ya nemi fannin da yake so, kuma wanda matsakaicin makinsa ya kai 3.75 cikin 4 ne ke da tabbacin samun zaɓinsa na farko. A Jami'ar Buenos Aires, tun 1985 kowa sai ya bi ta shekarar share fage ta bai-ɗaya kafin ya shiga tsangayarsa. A Faransa kafin 2020, masu son likitanci duk aji ɗaya suke shiga a shekarar farko, a yi musu jarrabawa a ɗauki adadin da aka ƙayyade, kuma mafi yawansu ba sa tsallakewa. Ba wai tsarin ba shi da hujja ba ne, kujerun ɗakin gwaje-gwaje da gadajen asibitin koyarwa suna da iyaka. Amma ɗalibin da ke riƙe da irin wannan takarda ya san cewa rabin gurbi ne a hannunsa.

Tambayoyin da za a yi wa sashen a nan ƙididdiga ce zalla. Mutum nawa suka shiga matakin farko bara, nawa suka wuce zuwa kwas ɗin? Makin wanda aka ɗauka na ƙarshe nawa ne? Sau nawa ake yarda mutum ya gwada? Waɗanda ba su samu ba ina ake tura su, kuma kwasa-kwasan da suka riga suka ci ana lissafa musu a sabon wurin ko daga farko za su soma? Idan ɗari shida suka shiga, ɗari da hamsin suka wuce, to damar ɗaya ce cikin huɗu, kuma duk ɗari shidan su ne zakarun makarantun da suka fito. Kowannensu ya shiga yana ganin shi ba zai faɗi ba. Idan ɗaya jami'ar ta ba da kwas ɗin a rubuce tun ranar farko, ni ita zan ce a ɗauka ko da sunanta bai kai na waccan ba, sai dai in ɗalibin ya yarda har zuciyarsa cewa zai iya zama da kwas ɗin da za a tura shi idan bai tsallake ba.

Haka nan maganar "bari in shiga da wannan kwas ɗin, in na zauna sai in canza". Canjin kwas a babbar jami'a yana da sauƙi idan za a bar inda ake turereniya a koma inda ba kowa. Komawa likitanci ko lauya ko kimiyyar kwamfuta daga wani sashe kuwa, a wurare da yawa kujerun da ake warewa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, wasu sassan ma sun rufe ƙofar gaba ɗaya. A nemi dokar canjin a rubuce. Abin da wani ma'aikaci ya faɗa da baki a ranar rajista ba ya ɗaure kowa.

Sai batun tantancewa, wanda mutane ke tsallakewa don suna ganin jami'ar gwamnati ai ba ta rasa amincewar hukuma. Jami'ar kam tana da ita, amma kwas-kwas ake tantancewa, kuma amincewar tana da wa'adi. A Nijeriya hukumar kula da jami'o'i, NUC, tana ba kwas cikakkiyar amincewa, ko ta wucin gadi, ko ta hana, sannan ga hukumomin sana'a da nasu binciken daban: MDCN ga likitoci, COREN ga injiniyoyi. A Amurka ABET ce ke tantance kwasa-kwasan injiniya. Wanda ke son yin aikin injiniya a wata ƙasa ya duba ko hukumar da ta tantance kwas ɗinsa tana cikin yarjejeniyar Washington ta 1989, wadda ta sa ƙasashen da ke cikinta suke karɓar digirin juna. Mai son likitanci ya tabbatar makarantar tana cikin kundin makarantun likitanci na duniya. Akwai kuma wani tarko da ba a cika magana a kansa ba. Hukumar sana'a kan ƙayyade wa sashe yawan ɗaliban da zai yaye a shekara, sashen kuma ya ɗauki ninki biyu. Sai a gama karatu a tarar da layi, rukuni na jiran rukuni kafin a yi musu rajistar aiki. A tambayi adadin da aka yarje wa sashen, a kuma tambayi yawan 'yan ajin ƙarshe. Idan na biyu ya fi na farko nesa, an ga matsalar tun kafin a shiga.

Tsawon lokacin karatu shi ne inda jami'o'i biyu masu kama da juna suka fi rabuwa, kuma shi ne abin da ba a rubutawa a takardun talla. A takarda digirin shekara huɗu ne a duka biyun. A aikace, gwamnatin Amurka ma da shekara shida take auna yawan masu kammala digirin shekara huɗu, don ta san da yawa ba sa gamawa a kan kari. Abin da ke jawo jinkirin ba kullum lalaci ba ne. Kwasa-kwasan kimiyya da injiniya a sarƙe suke: sai ka ci lissafi na ɗaya za ka ɗauki na biyu, sai ka ci na biyu za a bar ka ka shiga kwas ɗin da ke buɗe ajin gaba. Idan sau ɗaya ake koyar da kowanne a shekara, faɗuwa ɗaya a zangon farko ta ci shekara guda cur. Idan kuwa ana maimaita shi kowane zango, ko akwai zangon hutu da ake gyara abin da aka faɗi, asarar ba ta wuce 'yan watanni ba. A wasu jami'o'in ma ba faɗuwa ba ce, kujeru ne ke ƙarewa a ranar rajista, tsofaffin ɗalibai su riga su cike, sabo ya jira baɗi. Don haka a nemi jadawalin kwasa-kwasan sassan biyu, a bi sarƙar da biro, a ga wurare nawa ne tuntuɓe ɗaya zai tsayar da komai.

Lambobi biyu ne suka fi faɗin gaskiya a nan: kashi nawa na sababbin ɗalibai ke dawowa shekara ta biyu, da kashi nawa ke gamawa a kan kari. A Amurka ana samun irin waɗannan bayanai a shafin College Scorecard na gwamnati, a Birtaniya kuma akwai Discover Uni. Inda ba a wallafa su, sai a yi dabara: a tambayi 'yan ajin ƙarshe su nawa suka fara, su nawa suka rage, kuma waɗanda suka gama bara yaushe sakamakonsu ya fito. Tazarar da ke tsakanin jarrabawar ƙarshe da karɓar takardar shaida ita ma lokaci ce da ake ci daga rayuwar mutum. Wata uku a wani wuri, shekara guda a wani.

Yajin aiki ma na cikin lissafin. A 2022 malaman jami'o'in gwamnati a Nijeriya sun yi wata takwas ba sa aiki, daga Fabrairu zuwa Oktoba. A ƙarshen wannan shekarar ma'aikatan koyarwa da bincike kusan 48,000 na Jami'ar Kalifoniya suka ajiye aiki na kusan mako shida. A 2023 malamai a Birtaniya suka ƙi duba takardun jarrabawa, har wasu ɗalibai suka yi bikin kammalawa ba su san matakin digirinsu ba. Idan jami'o'in biyu ƙungiya ɗaya ce ke riƙe da malamansu, yajin zai shafe su tare, sai dai ba tare suke farfaɗowa ba. A duba kalandar karatunsu ta shekara biyar da suka wuce. Wadda ta daidaita zangunanta da wuri ta nuna irin shugabancin da take da shi.

Kuɗi kuwa, kuskuren da aka fi yi shi ne kwatanta kuɗin makaranta na shekarar farko kawai. Abin da za a haɗa shi ne kuɗin makaranta, da na masauki, da ci, da sufuri har da zuwa gida hutu, da littattafai da kayan aiki, da kuɗaɗen sashe da ba sa fitowa a babban shafi, irin na ɗakin gwaje-gwaje da fita aikin fili. A cire tallafin da ba a biya, shi kaɗai. Rance ba ragi ba ne ko da an jera shi a layi ɗaya da tallafi, kuma wasu takardun haka suke jera su. Sai a ninka da shekarun da ɗaliban sashen suke yi a zahiri. A ce jami'a ta farko tana cin 100 a shekara, a kowane irin kuɗi, ana gamawa a shekara huɗu, jimla 400. Ta biyu tana cin 85 amma yawanci sai an yi biyar, jimla 425, ga kuma albashin shekara guda da ba a karɓa ba. Mai arahar ta zama mai tsada. A ƙara wani abu a kan lissafin saboda ƙarin kuɗin makaranta, domin da wuya a shekara huɗu ba a taɓa shi ba.

Tallafin karatu ma a karanta sharuɗɗansa. Na shekara ɗaya ne ko na duk karatun? Wane maki ake so a riƙe? Sharaɗin 3.0 cikin 4 yana da sauƙi a ido, amma a shekarar farko ta injiniya ɗalibai masu ƙoƙari da yawa kan faɗo ƙasa da shi. Idan tallafin ya tafi, gida zai iya ɗaukar nauyin? In amsar a'a ce, to jami'ar ta fi ƙarfin aljihun gidan, komai daɗin takardar. A Amurka akwai ƙarin bambanci: jami'ar jiha kan caji ɗan wata jiha ninki biyu ko uku na abin da take cajin ɗan gida, kuma da wuya a samu digirin farko da ya cancanci wannan tazara idan ta gida tana da kwas ɗin.

Yanzu a dawo kan suna da jadawali. Jadawalin Shanghai, wanda aka fara a 2003, kashi 30 cikin ɗari na makinsa yana kan yawan malamai da tsofaffin ɗaliban da suka ci kyautar Nobel ko lambar Fields ta lissafi, kashi 20 kuma kan maƙalun da aka buga a mujallun Nature da Science. Wani jadawalin kuma, na QS, kusan kashi ɗaya cikin uku na makinsa ra'ayin malaman jami'o'i ne a kan junansu. Waɗannan ma'aunai ne na bincike da shahara. Ba su san ko malamin lissafin ajin farko yana zuwa aji ba, ko ɗalibi nawa ke kan na'ura ɗaya. Tazarar matsayi ashirin ko talatin tsakanin jami'o'i biyu ba ta nuna komai da ɗalibin digirin farko zai ji a jikinsa.

Akwai binciken da ya taɓa ainihin wannan tambaya. A 2002 masana tattalin arziki biyu a Amurka, Stacy Dale da Alan Krueger, suka kwatanta ɗaliban da makarantu iri ɗaya suka karɓa, wasu suka tafi wadda ta fi wuyar shiga, wasu suka zaɓi ɗayar. Bayan shekaru, abin da suke samu bai bambanta sosai ba. Ma'ana, ƙwazon da ya sa jami'o'in biyu suka karɓe ka yana tare da kai duk inda ka je. Amma binciken ya nuna wani abu da bai kamata a ɓoye ba: 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi sun fi cin moriyar babbar makaranta, kuma da suka sake bibiyar batun daga baya sun ga haka ga waɗanda iyayensu ba su yi karatu mai zurfi ba. Wanda ba shi da kowa a sama, jami'ar ce ke zama masa hanyar sanin mutane. Saboda haka ban ce suna banza ba ne. Yana aiki idan kamfanonin fannin suna zuwa ɗaukar ma'aikata a jami'a ɗaya ba sa zuwa ɗayar. Yana aiki ga mai son digiri na uku, wanda ke buƙatar wasiƙar malamin da aka sani a fannin. Har biza yana shafa: tun 2022 Birtaniya ke ba da wata bizar aiki ga waɗanda suka gama jami'o'in da ke sahun gaba a manyan jadawalan duniya. Sai dai wannan amfani yana zuwa ne bayan an fita da digiri mai kyau. Suna bai taɓa taimakon wanda aka kora a aji biyu ba.

Game da koyarwa, kada a ruɗu da lambar da ake cewa malami ɗaya ga ɗalibai goma sha takwas. Ana samo ta ne ta raba duk ɗalibai da duk malamai, har da farfesoshin da ba sa taka ajin 'yan digirin farko. A babbar jami'a lakcar shekarar farko ta mutum ɗari biyar ba abin mamaki ba ce, kuma ba ita ce matsalar ba. Abin dubawa shi ne me ke bayan lakcar. Akwai ƙananan azuzuwan bita na mutum ashirin ko talatin? Wa ke duba aikin gida, kuma ana dawo da shi da gyara? A ɗakin gwaje-gwaje mutum biyu ne a tebur ko goma sha biyu, ɗaya na aiki sauran na kallo? Malami ɗaya ɗalibai nawa yake duba wa aikin binciken ƙarshe? Wanda ke da biyar zai karanta abin da ka rubuta, mai arba'in sa hannu kawai zai yi.

Amsoshin nan ba a ofishin hulɗa da jama'a suke ba. Gani ya kori ji: in da hali a je a ranar aiki, a tsakiyar zango, a zauna a lakca ɗaya, a karanta allon sanarwar sashen. Waɗanda za a tambaya su ne 'yan aji uku, don sabo bai ga komai ba tukuna, tsohon ɗalibi kuma daɗin kawai yake tunawa. A tambayi mutum uku ko huɗu a kowane sashe, tambaya iri ɗaya: wane kwas ne ya fi kayar da mutane, kuma me sashen ke yi a kai? A tabbatar kuma a wace haraba kwas ɗin yake, don manyan jami'o'i na da rassa, wani reshen yana da nisan awanni daga babbar harabar da aka gani a hoto. Masauki ma a tambaya ko shekara nawa ake ba da tabbacin gado. Tafiyar awa ɗaya da rabi zuwa aji, safe da yamma, tana cin maki a hankali.

Iyaye su faɗi iyakar abin da za su iya biya tun kafin a zurfafa, da lamba, ba da "Allah zai buɗa" kaɗai ba. Hakkinsu ne kuma taimako ne. Zaɓin kwas kuwa a bar wa wanda zai zauna a ajin.

Idan an bi duk wannan aka tarar biyun sun yi kunnen doki, to a nan ne suna, ko kusanci da gida, ko inda rai ya fi kwanciya zai raba gardama, kuma ba laifi. Sai a kula da ƙa'idar karɓa, don kowace ƙasa da tata. A Amurka ranar 1 ga Mayu ce aka saba a matsayin wa'adin amsawa da biyan kuɗin riƙe kujera, kuma biya wa jami'a biyu a lokaci ɗaya saɓa ƙa'ida ne da kan iya jawo a janye gurbin. A Birtaniya tsarin neman gurbin jami'a na UCAS ya yarda a riƙe biyu, ɗaya na gaba ɗaya na ko-ta-kwana, amma na biyun ba shi da amfani idan makin da yake nema ya kai na farkon. A Nijeriya, tun 2017 ta manhajar CAPS ta hukumar JAMB ake karɓa ko ƙin gurbi, kuma wanda ya danna karɓa ya rufe sauran ƙofofin na wannan shekarar. Idan gurbin na sharaɗi ne, a tabbatar an cika sharaɗin. Kada a saki na biyu sai na farko ya tabbata a rubuce, da sunan kwas ɗin, da harabar, da adadin tallafin. Da ya tabbata kuwa a sanar da ɗaya jami'ar nan da nan, domin akwai masu jira a layi, kuma sai an saki kujerar ake kiran na gaba.